Sandar Hagun Baba Mchunu

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don ban tabbata ya dace ba. Mutum ya shekara sittin da shida a duniya, ya yi kiwo, ya yi aikin masana'anta, ya binne matarsa, ya aurar da 'yarsa, sannan ni in zo in ba da labarinsa ta kan layi uku na dokar wasa? Har yau ina da sauran shakka. Abin da na sani kawai shi ne, a wata takwas da na yi ina zama tebur ɗaya da Baba Bhekizitha Mchunu, sau ɗaya tak na ga ransa ya ɓaci, kuma a kan layukan nan uku ne. Ni na rubuta su, sun kuma kusa raba shi da kujerar da ya fi so a garin nan.

Na dawo Pietermaritzburg bayan shekara tara a Glasgow, da digiri a fannin ƙididdiga, da harshen Zulu da ya fara tsatsa a bakina. Aiki bai samu ba tukuna, ƙawayena na dā kuma duk sun watse. Mondli Hadebe, ɗan ƙanwar mahaifiyata, shi ya gaji da ganina a kwance a falo, ya ja ni zuwa zauren wani coci a unguwar Imbali inda suke wasa duk Asabar da ƙarfe biyu na rana.

Wasan irin na kewaye tebur ne. Kowa yana da takarda mai ɗauke da sunan gwarzonsa da garinsu da ƙarfinsa. Mutum ɗaya yana jan labari, sauran suna faɗin abin da gwarazansu za su yi. In abin na da haɗari sai a jefa dayis mai fuska ashirin, lamba ta yi sama ka ci, ta yi ƙasa ka sha kashi. Mondli ne mai jan labari. Ya gaji da littattafan waje masu dusar ƙanƙara da gidajen dutse, don haka ya zauna yana rubuta nasa wasan, wanda duniyarsa kwarin kogin Thukela ce, da shanunta da farinta da bukukuwan aurenta. Yana so ya buga kwafi hamsin ya kai taron 'yan wasa a Durban ƙarshen Agusta. Babin faɗa ne ya gagare shi, sai ya turo mini.

"Ke ce kika tafi Turai koyon ƙirga," in ji shi. "Ga abin ƙirgawa."

Baba Mchunu shi ne mai kula da zauren. Shi ke riƙe da makullai, shi ke share ƙasa da jera kujeru, ɗakinsa kuma yana bayan ginin. Mondli ya ba ni labarin yadda ya shiga wasan. Shekara uku kafin in dawo, yana shara suna wasa a lungu, sai ya ji Preshen Moodley, wani mai gyaran firji daga Northdale, yana bayanin yadda gwarzonsa zai tsallake rafi da mashi a kowane hannu, ya soke mutum biyu kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Baba ya yi dariya har sai da ya dafa bango.

"Baba, lafiya?" in ji Preshen.

"Lafiya lau, ɗana. Ina tunanin wanda zai kai gawarka gida ne."

"To in ka fi mu sani, ai ga kujera."

Ya jingine tsintsiya ya zauna. Tun daga ranar bai fasa ko Asabar ɗaya ba.

Gwarzonsa makiyayi ne mai suna Gcinumuzi, mai sanda biyu da 'yar garkuwar fata. Baba ba ya gaggawar jefa dayis. Sai ya juya shi a tafin hannu, ya kurɓi shayinsa mai sukari cokali uku, ya ciji samosan da mahaifiyar Preshen ke aikowa, ya yi ƙorafin barkono, sannan ya jefa. Da shi ne kwarin Mondli ya zama wurin da mutum zai iya tsayawa a ciki. Mondli zai ce, "Kun iso bakin kogi," sai Baba ya ɗaga hannu.

"Ba a tsallakawa ta nan, akwai rami. Ku gangara har gindin bishiyar ƙayar nan mai kai kamar laima, ruwan iya gwiwa ne."

Ya san inda ake tona yashi a samu ruwa in fari ya yi tsanani. Ya san dutsen da rana ke faɗawa bayansa a watan Yuni, da kalar ƙasar garken awaki bayan ruwan farko. In ya fara wannan bayani muryarsa takan yi ƙasa, idanunsa su bar tebur su tafi taga, mu kuma mu kasa kunne, har Preshen. Dukanmu mun san ƙasarsu Msinga yake faɗa, ko da yake a takarda sunayen ƙauyukan na ƙirƙira ne. Amma da an tashi daga tebur, ba ya ƙara ambatonta. Tafiyar awa biyu da 'yan kai ce a mota ta hanyar Greytown, kuma ban taɓa jin ya ce zai je ba.

Matsalar da Mondli ya ba ni ita ce wannan. A dokar da suke bi, sandar hagu ta kariya ce kawai, tana ƙara wa mai ita uku a kan lambar dayis wajen tare duka. Mai mashi biyu kuwa yana kai hari sau biyu a kowane zagaye. Sakamakon haka, in mai mashi biyu ya gamu da mai sanda biyu, na farkon yana cin faɗa bakwai cikin goma, kuma ba wanda zai so ɗaukar gwarzon da aka san ƙasa zai sha. Na sa kwamfuta ta buga faɗa dubu goma, na canza lamba, ta sake bugawa, har na samu inda ma'auni ya tsaya daidai. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Ranar Asabar na miƙe da takarda na karanta musu:

"Mai sanda biyu zai iya soka da sandar hagu sau ɗaya a kowane zagaye. A rage huɗu daga abin da dayis ya ba shi. In ya yi haka, kariyarsa ta faɗi sai zagaye na gaba."

Preshen ya tafa. "Yauwa, Farfesa! Yanzu tsoho zai daina ɓuya a bayan sanda kamar mai gudun ruwan sama."

Baba bai yi dariya ba. Ya ajiye kofinsa.

"Sake karanta na tsakiyar, 'yata."

"A rage huɗu daga abin da dayis ya ba shi."

"Huɗu."

"Eh, Baba. Na gwada uku, ya yi ƙarfi da yawa. Biyar kuma ba wanda zai yi amfani da shi."

"Mutum ya soki ɗan'uwansa da sandar hagu, sai a rage masa huɗu. Daga nan kuma a ci gaba da wasa."

"Haba Baba," in ji Preshen, "takarda ce fa. Makon jiya ka kashe damisa da dutse, ba ka yi mata ta'aziyya ba."

"Rufe mini baki, mai firji."

Ya faɗe ta ba tsawa, amma Preshen ya rufe. Baba ya ninke takardar Gcinumuzi gida biyu, ya tura ta tsakiyar tebur.

"In wannan ya shiga littafi, ku ba wani kujerata. In kun gama ku jera kujeru, gobe akwai sujada."

Ya fita. Muka bi ƙofa da kallo.

"Farfesa, kin kashe mana tsoho," in ji Preshen.

"Me na ce? Lamba ce kawai."

"Ni dai ban taɓa ganin ya bar samosa a faranti ba. Dubi, ko cizo biyu bai yi ba."

Mondli ya ɗauki takardar da aka ninke ya sa a jakarsa. "Litinin ta sama zan kai wa mai bugawa. Asabar ɗaya ta rage mana. In babu Baba, kwarin nan zane ne kawai a kan kwali. Ki gyara, Nokwanda."

Na ɗauka na gane abin. Al'ada ce, na ce a raina, ni kuma na taka ta don na daɗe a waje. Gyaran mai sauƙi ne: a hana. Zan nemi daidaito ta wata hanya. Ranar Laraba da safe na shiga motar haya zuwa Imbali. Na same shi a bayan zauren, a tsugune cikin 'yar gonarsa ta alayyafo da kabeji, yana cire ciyawa.

Na gaishe shi, na tambayi lafiyar 'yarsa Thembeka da ke aikin jinya a Empangeni. Ya amsa yadda ya kamata. Sannan na miƙa masa sabuwar takarda. Layi ɗaya ne a kai: ba a iya soka da sandar hagu.

Ya goge hannu a wando, ya nesanta takardar da idonsa ya karanta.

"Ta farko raini ce," in ji shi. "Wannan kuma ƙarya ce."

"Baba, ai abin da kake so ke nan."

"Na ce miki haka? Zo nan."

Ya shiga ɗakin ajiya ya fito da sandunan tsintsiya guda huɗu, biyu dogaye biyu gajeru. Ya sa mini gajera a dama, doguwa a hagu, ya gyara mini yatsu har na riƙe ta a tsakiya.

"Ta dama ita ce induku, da ita ake duka. Ta hagu ubhoko, da ita ake tarewa. Ta gaske ta fi wannan tsawo, ƙasanta kuma a fiƙe yake kamar tsinke. Ɗaga gwiwar hannu. Ba haka ba, ke ba jaka kike ratayawa ba. Yauwa. To, doke ni."

"Baba, kada in ji maka ciwo."

"Ke? In kin taɓa ni, kabejin nan duk naki ne."

Na kai duka ya fi goma. Ban ga ya matsa ƙafa ba. Wuyan hannunsa na hagu ne kawai ke juyawa, sandar tana tarar tawa a sama, a gefe, a ƙasa, kamar ta san inda zan nufa tun ban yanke shawara ba. Can sai ya ɗan taɓa yatsuna, sandar dama ta suɓuce mini ta faɗi cikin alayyafo. Nan take ya sauke hannayensa biyu, ya tsaya yana murmushi.

"A wurinmu, in sandar mutum ta faɗi, sai ka tsaya ya ɗauka. Ga shi na tsaya. Me kike gani?"

"Fuskarka."

"Me ke hannunki na hagu?"

Na dubi doguwar sandar. Bakinta bai fi taku ɗaya da idonsa ba.

"Me zai hana ki?"

"Ba komai."

"Ba komai," in ji shi. "Ba huɗu da za a rage miki. Ko makaho ba zai kuskure ba, don wanda ke gabanki ya riga ya yarda da ke. To kin ga ba za ki rubuta cewa ba a iyawa ba."

Ya karɓi sandunan ya jingine, ya jawo kujeru biyu na roba zuwa inda rana ke bugun bango. A nan ya ba ni labarin, kuma daga baya ya yarda in rubuta shi.

An haife shi a kan wani tudu da ke kallon garin Tugela Ferry, can Msinga. Yana shekara shida aka tura shi bin awaki, daga baya shanu. Yaran kiwo da rassan ganye suke fara koyon faɗa, manya suna zaune a inuwa suna zuga su, sai an ga hannu ya faɗa sannan uba ya sare wa ɗansa sanda ta gaske. Abokin karawarsa tun ranar farko Mphikeleli Sithole ne, wanda gidansu ke tsallaken rafi. Kullum sai sun kara. Wanda ya fasa wa wani kai shi zai kai shi rafi ya wanke masa jinin, haka ake yi, daga nan su raba madara mai tsami a ƙwarya ɗaya.

"Duba nan," in ji Baba, ya sunkuyar da kai ya nuna mini tabo uku a cikin furfura. "Duk nasa ne. Shi kuma yana da nawa guda biyar. Ki rubuta biyar, kada ki rage."

A watan Disamba na shekarar da ya cika ashirin da huɗu, lokacin da masu aiki a birni suka dawo hutu, aka yi wani babban biki a ƙauyen su Mphikeleli. Bayan an ci nama samari suka hau fili, shugaban samari ya tsaya a tsakiya da sandarsa don raba faɗa, 'yan mata suka jeru suna waƙa. Baba ya ka da mutum biyu a ranar, ana ta kiran kirarin gidansu, Macingwane, Macingwane. Sai Mphikeleli ya fito yana dariya. Ba su daɗe ba Mphikeleli ya buge wa Baba sandar dama, ta yi sama ta faɗi can gaban 'yan mata. Suka kwashe da dariya, wata ta ɗauki sandar tana rawa da ita. Mphikeleli ya sauke hannu, ya juya kai kaɗan yana dariya tare da su, yana jira.

"Ban yi tunani ba," in ji Baba. "Da na yi tunani da sai in ce Shaiɗan ne. Hannun hagun ne ya tafi da sandar. Idonsa na dama."

Wata mota ta wuce a titi tana kiran fasinjan gari.

"Na sunkuya zan ɗauke shi in kai shi rafi. Shugaban samari ya sa sandarsa a ƙirjina. Wasu ne suka wanke shi."

Dattawa sun zauna, an kai saniya gidan Sithole, magana ta mutu a wurinsu. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya zage shi. Amma da aka yi biki na gaba ya shiga fili ya buga garkuwarsa yana neman abokin karawa, ba wanda ya fito. Samari suka dubi ƙasa. Ya buga sau uku, 'yan mata ba su yi waƙa ba. Da aka kawo nama a kan akushin katako, kowace tsara da nata, tsararsa suka zauna a kewaye kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya matsa. Ya je ya ci da baƙi.

Kafin wata ya ƙare ya hau mota zuwa Pietermaritzburg. Ya shekara goma sha tara a wata masana'antar takalma yana manna tafin takalmi, har ta rufe. Ya auri MaNgcobo, 'yar Edendale, wadda ba ta taɓa ganin ya riƙe sanda ba har ta rasu. Ya yi gadi, ya yi fenti, daga ƙarshe coci ya ba shi makullai da ɗaki. Sau uku ya koma Msinga, duk jana'iza: mahaifinsa, yayarsa, mahaifiyarsa. Yakan isa da safe, ya bar garin kafin shanu su dawo.

"Ka ga Mphikeleli?" na tambaya.

"A jana'izar mahaifiyata. Ya kawo akuya. Yana sa hula a karkace, ta wannan gefen. Ya tsaya a bakin garke ya ce, 'Macingwane, ka yi ƙiba.' Na ce, 'Jobe, ka tsufa.' Jobe kirarin gidansu ne. Shi ke nan. Shekara goma sha ɗaya ke nan."

"Da aka kawo nama fa?"

"Ban tsaya na gani ba." Ya miƙe ya ɗauki bokitin ban ruwa. "Kin san, 'yata, a teburin nan ne kawai nake shiga fili a fito mini. Ko da mai firji ne."

Kwana biyu ban buɗe kwamfuta ba. Ranar Juma'a na rubuta doka ta uku da biro, ina kuma jin tsoro, don abin da ke cikinta nasa ne, ba nawa ba. Ban sani ba ko zai ga na tona masa asiri a gaban yara.

Ranar Asabar ya buɗe mana zauren, tunda aikinsa ne, amma bai zo tebur ba. Ya ɗauki tsintsiya ya tafi can ƙarshen zauren yana share wurin da ya riga ya share. Mondli ya ajiye kofin shayi a gaban kujerar da babu kowa. Na miƙe na karanta da ƙarfi, kamar da Mondli nake:

"In abokin karawa ya sauke hannu, mai sanda biyu zai iya soka da sandar hagu. Ba a jefa dayis. Sukar tana samu, faɗa ya ƙare. Daga ranar babu wanda zai ƙara ɗaga sanda ya kara da shi a kwarin, ba a kiran kirarinsa, a wurin biki da baƙi zai ci. A ja layi a kan sunan garinsu a takardarsa."

Ƙarar tsintsiya ta tsaya.

"Tabɗi," in ji Preshen. "Farfesa, wannan doka ce ko tsinuwa? Wa zai yi amfani da ita?"

"Wanda ya ji kunya a gaban mutane," in ji Mondli a hankali. Ban gaya masa komai ba, amma shi mai jan labari ne.

"To na ji. Amma ba ki gyara komai ba. Har yanzu mai mashi biyu zai cinye makiyayin nan sau bakwai cikin goma. In ba zai soka ba, da me zai ci ni? Da addu'a?"

Gaskiyarsa ce. Ina shirin faɗin haka sai muryar Baba ta taso daga ƙarshen zauren.

"Kai da ba ka taɓa riƙe abin da ya wuce sukundireba ba."

"Baba, mu da masu wasa muke magana, ba da masu shara ba."

"Mai mashi biyu duk sukar da ya kawo sai ya miƙa jiki." Baba yana tahowa, tsintsiya a hannu. "In na tare ta farko, ƙafarsa ta riga ta zame taku ɗaya. In na tare ta biyu, kafaɗarsa a buɗe take. Ku kuna ƙirga tarewa kamar mutum ya ɓuya ne ya jira. Ba haka ba ne. Duk tarewar da na yi, ina gyara wa hannun dama wurin sauka."

Na jawo biro. "Wato duk dukan da ya tare, a ƙara masa wani abu a dukansa na gaba?"

"Ke kika san lamba. Ni na san kai."

"A ƙara ɗaya a kan kowace tarewa, su taru har sai ya kai duka."

"Zamba!" in ji Preshen. "Wato ni in yi ta wahala ina suka, shi yana tara riba a jikina?"

"Haka ake yi wa marasa haƙuri, ɗana."

"A gwada mana. Gwarzona da makiyayinka, yanzu-yanzu. In ka ci, samosan yau duk naka ne, har da na Farfesa."

"Wannan mai barkonon? Sai dai in ci don in ba ka haushi."

Mondli ya jawo jakarsa. Ya zaro takardar Gcinumuzi daga jaka, ya warware ninkin, ya shafe ta da tafin hannu, ya ajiye kusa da kofin shayi. Baba ya dubi takardar, ya dube ni. Na kasa gane abin da ke fuskarsa. Ya jingine tsintsiya a bango, ya ja kujera ya zauna.

Sun kara sau biyar. Preshen ya ci biyu, Baba ya ci uku, kuma duk lokacin da ya tare suka sai ya ɗaga yatsa ɗaya a gaban hancin Preshen, ya ƙara na biyu, ya ƙara na uku. Da na koma gida na sa kwamfuta ta buga, ta ba ni hamsin da biyu da arba'in da takwas cikin ɗari. Ban ƙara taɓa lambar ba. Haka aka buga ta.

Amma kafin nan, da aka tashi wajen ƙarfe biyar, Mondli da Preshen suka fita kai kaya mota, ni da Baba muka tsaya jera kujerun sujada. Yana ɗaukar huɗu a lokaci guda, ina ɗaukar biyu. Bai ce komai a kan doka ta uku ba, bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba. Rana ta shigo ta tagogin yamma ta kwanta a kan siminti. Akwai abin da ya tsaya mini tun daren da na rubuta ta, don a ka'idar wasa ba a rufe wa ɗan wasa hanya gaba ɗaya, kuma akwai sauran fili a ƙasan shafin.

"Baba," na ce, "wanda aka ja wa layi a kan sunan garinsu, in rubuta masa hanyar komawa?"

Ya ajiye kujerun da ke hannunsa, ya daidaita su da na gabansu, ya daɗe yana gyara wadda ba ta karkace ba.

"Ki rubuta akwai," in ji shi. "Amma ba shi zai jefa dayis ba. Wanda aka soka shi zai ɗauka ya jefa, ranar da ya ga dama. Kuma kada ki sa lambar da ake bukata, 'yata. Ni ma ban san ta ba."